Jinyar Sassauci: Haƙƙin Majinyacin da Ciwonsa Ba Ya Warkewa

Gabatarwa

A kowace ranar Allah, a manyan asibitocin ƙasar nan, akan sami iyalin da likita zai ja gefe ya shaida musu cewa an yi iyakar ƙoƙari, sai su koma da majinyacinsu gida a ci gaba da addu'a. Galibin jama'a kan ɗauki wannan magana a matsayin ƙarshen aikin asibiti. Daga nan sai a sa maras lafiya a mota a nufi Tsafe, ko Bungudu, ko wata unguwa ta cikin Gusau, a yi masa shimfiɗa a ɗaki, a bar shi da ciwonsa, a bar matan gida da kwanan zaune. Wani yakan yi makonni a haka, wani watanni, yana nishin da maƙwabta ke jiyowa ta bayan katanga.

Abin da kimiyyar likitanci ta tabbatar shi ne, ko da ciwo ya gagari warkewa, raɗaɗinsa bai gagari magani ba. Akwai fanni guda na aikin lafiya da aka keɓe domin irin waɗannan bayin Allah, kuma tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta rubuta manufa a kansa. Wannan maƙala za ta bayyana wa mai karatu ma'anar fannin da kimiyyar da ke ƙarƙashinsa, sannan ta nuna hanyoyin da talakawan Jihar Zamfara za su bi su nemi a kawo musu shi har ƙofar gida.

Mece Ce Jinyar Sassauci?

Jinyar sassauci ita ce kulawar da ake ba mutumin da ke fama da ciwo mai tsanani wanda ke barazana ga rayuwarsa, da nufin rage masa raɗaɗi da sauran wahalhalu, tare da tallafa wa iyalinsa. Masu bukatarta sun haɗa da masu ciwon daji, da masu ciwon ƙoda ko zuciya ko hanta da ya yi nisa, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, da masu cutar ƙanjamau, da yaran da ke fama da amosanin jini, wato sikila. Ana iya yin ta a asibiti, ko a gida, ko a wani gida na musamman da Turawa ke kira hosfis, inda ake kula da waɗanda ajalinsu ya gabato.

Wata Baturiyar Ingila mai suna Cicely Saunders, wadda ta yi aikin jinya kafin ta zama likita, ita ce ta aza harsashin wannan fanni a zamanance, lokacin da ta buɗe hosfis na St Christopher's a birnin Landan a 1967. Ta lura cewa azabar majinyaci kashi huɗu ce: akwai zafin jiki, akwai damuwar zuciya, akwai tunanin iyali da bashi da abin da za a ci, akwai kuma tsoron abin da zai je ya tarar. Idan aka magance ɗaya aka bar uku, majinyaci bai huta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke bukatar wannan kulawa a kowace shekara, amma kimanin kashi 14 cikin 100 ne kacal ke samun ta. Kuma kada mai karatu ya zaci cewa karɓar ta na nufin fid da rai. A wani bincike da aka wallafa a 2010, wanda aka gudanar a birnin Boston na Amurka a kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu, waɗanda aka fara yi wa jinyar sassauci da wuri sun fi samun natsuwa, kuma matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 11.6, alhali na sauran ya tsaya a wata 8.9.

Yadda Zafin Ciwo ke Isa Ƙwaƙwalwa

Domin fahimtar yadda ake kashe raɗaɗi, wajibi ne a fara sanin hanyar da yake bi. A cikin fata da tsoka da ƙashi da kayan ciki akwai ƙananan bakunan jijiyoyi waɗanda aikinsu shi ne gano ɓarna. Idan ƙari ya danne su, ko nama ya kumbura ya saki wasu sinadarai, sai su aika da saƙo mai kama da tartsatsin lantarki zuwa laka, wadda ke cikin ƙashin baya. Laka kuma ta miƙa saƙon ga ƙwaƙwalwa. Sai saƙon ya isa can ne mutum ke cewa wayyo.

Magunguna suna tare wannan saƙo a wurare daban-daban. Irin su asfirin da ibufurofen suna hana jiki haɗa sinadaran da ke tsokanar jijiyoyi a inda ciwon yake. Mofin kuwa yana aiki ne a laka da ƙwaƙwalwa, inda yake maƙalewa a wasu gurabe na musamman ya rage ƙarfin saƙon. A shekarun 1970 masana suka gano cewa jikin ɗan Adam da kansa yana haɗa sinadarai masu shiga waɗannan gurabe, aka kira su endofin. Ashe mofin mabuɗi ne na aro da ya dace da ƙofar da Allah ya riga ya halitta a jiki. Wani Bajamushe mai haɗa magunguna, Friedrich Sertürner, shi ne ya fara tace shi daga ƙaron ofiyom a wajajen 1805.

Tsani Mai Hawa Uku

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani tsari mai sauƙi na magance raɗaɗin ciwon daji, wanda ta kwatanta da tsani mai hawa uku. A hawan farko akwai farasitamol da ibufurofen domin ciwo mai sauƙi. A hawa na biyu akwai irin su kodin domin matsakaicin ciwo. A hawa na uku akwai mofin domin ciwo mai tsanani. Ƙa'idar ita ce a ba da magani ta baki, kuma a ba da shi bisa agogo, kada a jira sai majinyaci ya fara kuka. Ruwan mofin, alal misali, akan ba da shi ne duk bayan awa huɗu, domin a daidai wannan lokaci ne ƙarfinsa ke raguwa a cikin jini. An sabunta wannan jagora a 2018, amma mofin na nan a matsayin ginshiƙinta.

A nan ne ake cin karo da wani tsoro wanda ke da dalilinsa. Duk wanda ya tashi a arewacin Nijeriya ya ga ɓarnar da kodin da taramol suka yi wa matasa, har ta kai Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018. Saboda haka iyaye da dama, har ma da wasu ma'aikatan lafiya, da zarar sun ji an ambaci mofin sai hankalinsu ya tashi. Sai dai akwai bambanci tsakanin lafiyayyen yaro da ke shan ƙwaya a bayan gari domin ya bugu, da dattijuwar da ciwon dajin mama ya kai wa ƙashi, wadda ƙwararren ma'aikaci ke auna wa magani daidai da zafin da take ji, yana rubuta lissafin kowane ɗigo. Illolin da aka fi gani ga irin wannan majinyaciya su ne taurin bayan gida, da tashin zuciya da gyangyaɗi a kwanakin farko, kuma duka ana iya shawo kansu. Yarjejeniyar duniya ta 1961 a kan miyagun ƙwayoyi ita kanta ta amince cewa dole ne a tanadi waɗannan magunguna domin masu ciwo. Aikin hukuma shi ne ta tsare rumbu daga ɓarawo ba tare da ta hana mai gida hatsinsa ba.

Arzikin da Muke da Shi da Giɓin da ya Rage

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa jinya ba. Idan ciwo ya kwantar da mutum, 'ya ko ƙanwa ko suruka kan tare a ɗakinsa. Maƙwabta kan zo dubiya da kunu ko fura, liman ya zo ya yi addu'a, 'yan'uwa su yi karo-karo na kuɗin magani, domin addini da al'ada duk sun ɗora wa mai lafiya haƙƙin duba maras lafiya. A ƙasashen da suka ci gaba, wannan zumunci shi ne abin da suke kashe maƙudan kuɗi suna neman farfaɗowa.

Abin da masu jinyarmu suka rasa shi ne ilmin aikin, da magani, da ma'aikacin da zai leƙo su. Ɗauki gyambon kwanciya a matsayin misali. Idan mutum ya daɗe a kwance ta gefe guda, nauyin jikinsa kan matse ƙananan hanyoyin jini da ke tsakanin ƙashi da shimfiɗa, musamman a ƙugu da kwankwaso da diddige. Naman da jini bai isa gare shi ba sai ya mutu, fata ta buɗe, ƙwayoyin cuta su shiga. Rigakafinsa bai wuce a riƙa juya majinyaci duk bayan awa biyu ba, a kiyaye shimfiɗarsa daga laima, a tokare shi da matashi. Wannan ba ya bukatar ko kwabo, amma sai an sami wanda ya faɗa wa mai jinya. Haka nan yadda ake goge bakin wanda ba ya iya cin abinci, da yadda ake ɗaga kan mai shanyewar ɓarin jiki kafin a ba shi kunu don kada ya shaƙe.

Sannan ga matsalar nisa. Manyan asibitocin jihar, wato Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, duk suna Gusau. Wanda aka tura gashin ciwon daji kuwa akan nufi Sakkwato da shi, tafiyar kimanin kilomita 200, ko Shika ta Zariya. Mutumin ƙauyen Tsafe ko na bayan Kwatarkwashi da ƙyar yake iya ɗaukar kuɗin mota da na masauki, balle a ce ga fargabar 'yan bindiga da ta addabi hanyoyin yankin fiye da shekara goma. Wanda ba ya iya zama a kan babur ba zai riƙa zuwa birni karɓar magani duk mako ba. Dole kulawar ce za ta je inda yake.

Darasi Daga Uganda da Indiya

Wani zai ce wannan aiki sai ƙasashe masu arziki. Tarihi ya nuna akasin haka. A 1993 wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a kudu maso gabashin Nijeriya a shekarun 1960, ta kafa Hospice Africa Uganda a birnin Kamfala. Dabararta ita ce a sayo garin mofin mai arha a narka shi a ruwa, a zuba a kwalabe, ma'aikatan jinya su riƙa kai wa majinyata gidajensu. Da aka ga likitoci sun yi ƙaranci a karkara, sai masu wannan aiki suka yi ta bin gwamnati har ta gyara doka a 2004, ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman izinin rubuta mofin.

A Jihar Kerala ta Indiya kuwa, wasu likitoci ne suka kafa ƙungiya a birnin Kalikut a 1993. Daga baya aikin ya koma hannun mutanen unguwa: malaman makaranta, da 'yan kasuwa, da direbobi, da ɗalibai suka riƙa karɓar horo suna bin gidajen majinyata tare da ma'aikaciyar jinya, suna tara kuɗin aikin daga ƙananan gudummawar jama'a. Gundumar Malappuram, wadda galibin mutanenta Musulmi ne, tana cikin wuraren da tsarin ya fi kafuwa. Sai da jama'a suka yi nisa da aikin sannan gwamnatin Kerala ta mayar da shi manufar jiha a 2008. A wuraren biyu, talakawa ne suka shige gaba, hukuma ta biyo sawu.

Ina Aka Kwana a Nijeriya?

A ƙasar nan ma akwai waɗanda suka share fage. Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta a Ibadan sun daɗe suna wannan fafutuka, kuma a 2007 aka buɗe sashen jinyar sassauci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. A wannan shekara ce kuma aka kafa ƙungiyar ma'aikatan fannin ta ƙasa, mai suna HPCAN a taƙaice. A 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta haɗa hannu da Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka domin shigo da garin mofin a riƙa haɗa shi a ruwa saboda manyan asibitoci. A 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 67.19, wanda ya bukaci ƙasashe su shigar da jinyar sassauci cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko. A 2021 Nijeriya ta ƙaddamar da manufarta ta ƙasa a kan fannin.

To amma manufar da aka rubuta a Abuja takarda ce. A tsarin mulkin ƙasar nan, jihohi ne ke riƙe da asibitocin garuruwa, su da ƙananan hukumomi kuma su ne ke da alhakin ƙananan asibitocin mazaɓu. Matuƙar ba a ware wa aiki kuɗi a kasafin jiha ba, ba a horar da ma'aikata ba, ba a ajiye magani a ɗakin magani ba, to majinyacin da ke kwance a Bungudu bai san an yi wata manufa ba. Kuma shi ba ya da ƙarfin zuwa majalisa; mai jinyarsa ba ta da lokaci; idan ya rasu iyali su yi haƙuri su rufe zancen. Shi ya sa kukan waɗannan mutane ba ya isa kunnen mahukunta sai masu lafiya sun ɗauke musu.

Abin da Bagega ta Koya Mana

Ba sai an je Uganda ba kafin a ga amfanin muryar talaka. A 2010 aka gano cewa gubar dalma daga aikin haƙar zinare tana kashe yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda aƙalla yara 400 suka rasu. An share ƙasar ƙauyuka da dama, amma aka bar garin Bagega, kuma ƙungiyar likitocin Na-gari Na-kowa ta bayyana cewa ba za a iya yi wa yaran garin magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kuɗi a 2012, amma shiru. Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka fara wani yunƙuri mai suna Follow The Money. Suka je garin, suka tattara bayanai, suka yayata su a kafafen watsa labarai da intanet, suka haɗa kai da wasu ƙungiyoyi. A watan Janairu na 2013 aka saki kuɗin, a cikin shekarar kuma aka share Bagega aka fara yi wa yara magani. Sirrin nasararsu shi ne bukata guda bayyananniya, da hujja a hannu, da naci.

Ƙofofin da Za a Ƙwanƙwasa

Zamfara na da ƙananan hukumomi 14 da mazaɓu 147, kuma tsarin lafiya a matakin farko ya tanadi Kwamitin Raya Mazaɓa, inda mutanen gari ke da ta cewa game da asibitinsu. Nan ce ƙofar farko. Ta biyu ita ce kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Ta uku ita ce ɗan majalisar jiha, musamman a lokacin da ake nazarin kasafin kuɗi. Ta huɗu iyayen ƙasa ne, irin su Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bungudu, tare da limaman Juma'a, waɗanda kalmarsu guda kan kawar da tsoro da camfi. Akwai kuma Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, domin iyalin da jinya ta cinye wa jari sun shiga sahun mabukata.

Me za a roƙa? Na ɗaya, a horar da aƙalla ma'aikacin jinya guda a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, a ba shi babur da mai domin ziyarar gidaje. Na biyu, a tanadi ruwan mofin a manyan asibitoci bisa tsarin lissafi mai tsauri. Na uku, a ƙarfafa koyar da fannin a Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe da makarantar koyon jinya da ungozoma ta Gusau, tun da ɗalibansu ne ke komawa ƙauyuka aiki. Na huɗu, a sa kulawar gida cikin ayyukan da ake biya daga asusun lafiya na bai-ɗaya, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Na biyar, kada a sallami majinyaci mai irin wannan ciwo sai an zaunar da mai jinyarsa an koya mata aikin.

Rawar da Ɗalibai da Malamai Za Su Taka

Ɗalibin sakandare ba ya rubuta magani, kuma haramun ne ya gwada. Amma yana iya ƙirga. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta, bisa jagorancin malami da izinin mai unguwa, za ta iya gano gidaje nawa ne a mazaɓarsu ke da majinyacin da ya wuce wata uku a kwance, wa ke jinyarsa, da nisan asibitin da ya fi kusa. Kada a rubuta sunan kowa, domin ciwo sirri ne. Irin wannan lissafi, idan aka miƙa shi a rubuce ga Kwamitin Raya Mazaɓa, ya fi dogon surutu nauyi. Malaman nazarin halittu za su iya gayyatar ma'aikaciyar jinya ta nuna wa aji yadda ake juya majinyaci. Masu muhawara da wasan kwaikwayo kuma su riƙi Asabar ta biyu a watan Oktoba, wadda ita ce ranar jinyar sassauci ta duniya, su gayyaci iyaye da kansila. Sannan kowane ɗalibi na iya ɗebo wa maƙwabciya mai jinya ruwa, ko ya zauna da majinyaci awa guda don ta samu ta runtsa.

Kammalawa

Mun ga cewa raɗaɗi saƙo ne da ke bin jijiya, kuma akwai magani mai arha da ke tare shi. Mun ga cewa ƙasashe marasa ƙarfi sun kai wannan magani har ɗakin talaka, kuma Nijeriya ta amince da hakan a rubuce. Abin da ya rage shi ne mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu su buɗe baki su tambaya, su koma su sake tambaya, domin sai yaro ya yi kuka ake ba shi nono. Ajali na hannun Allah, babu likitan da zai ƙara wa wani kwana guda a kan abin da aka rubuta masa. Amma yadda ɗan'uwanmu zai shafe kwanakinsa na ƙarshe, cikin azaba ko cikin natsuwar da zai iya sallarsa ya yi wasiyya ya yi bankwana da iyalinsa, wannan amana ce a wuyanmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.